Amsar Ranar Litinin

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki gaishe ta, ki kuma duba ƙarƙashin filonta, ni da ke mun san inda maganinta yake kwana.

Kin ce a waya ba kya samun komai daga bakina sai "lafiya lau", wai in rubuto ko alƙalami zai fi ni surutu. To ga shi na rubuto. Lafiyata lau.

Na koma aiki. Teburina yana nan kusa da tagar da ba ta rufuwa, sai dai an ɗauke kujerata an bar mini wata mai gurguwar ƙafa. Ban tambayi wanda ya ɗauka ba. Kin sha tambayata abin da nake yi a kwalejin nan tunda ba koyarwa nake ba. Ni ce mai haɗa Sanarwar Mako. Kowane sashe yakan aiko da abin da yake so ma'aikata su sani, in tattara, in gyara, ranar Litinin da safe in aika wa kowa ta imel, tun daga Shugaban kwaleji har mai gadin ɗakin karatu. A ta wannan makon za a ɗauke ruwa a ginin kimiyya, an hana ajiye mota a gaban ofishin Magatakarda, taron kwamitin jarrabawa ya koma Alhamis, kuma wanda ya tafi da makullin ɗakin taro ya ji tsoron Allah ya dawo da shi.

Mutane suna da kirki. In na biyo baranda sai a rage murya, kamar ni ce marar lafiyar. Mai Hatimi, abokiyar zamana a ofis, ta ajiye mini hankici a gefen kwamfuta tun ranar da na dawo, tana ta satar kallona. Yana nan a ninke. Ita ta riƙe aikin da ba na nan, don haka ita ta buga rasuwar maigidana, Malam. Na nemo na karanta. Tana tsakanin sanarwar fentin ofisoshi da ta sabon lokacin motar ma'aikata. Na duba da kyau, babu kuskure.

Kowa yana yaba dauriyata. Ba dauriya ba ce, Yaya. Kin san ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ki tsunkule ta ba ki ji ba? Haka nake gaba ɗayana.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa kowa ba. Kafin Malam ya tafi asibiti don aikin nan da likita ya ce ƙarami ne, ya saka wa imel ɗinsa amsar da ke komawa da kanta ga duk wanda ya rubuto masa. Ni na nuna masa yadda ake yi, shi ya buga da yatsa ɗaya, ya hana ni sa hannu. Har yanzu adireshinsa yana cikin na ma'aikata, ba wanda ya tuna ya cire. Ranar Litinin ina danna aikawa, ban ko ɗauke hannuna ba, sai ga saƙo ya shigo da sunansa:

"Na tafi hutu, zan dawo nan da mako biyu in Allah ya so. Idan abin gaggawa ne a nemi matata a ofishin sanarwa, ita ta san inda na ajiye komai, har da hankalina."

Na karanta, na rufe, na ci gaba da aiki. Kada ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Gaisuwa mai yawa gare ki da mutanen gida. Na ga saƙonki da direba ya kawo, na gode da sabulun da zanen. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Kin ce in je in sa a kashe abin nan, wai ba shi da kyau ga zuciya, kuma za ki zo ki zauna da ni ko na wata ɗaya ne. Kada ki wahalar da kanki. Wa zai kula da Inna, wa zai raba faɗan yaranki? Ina ci, ina barci, ina zuwa aiki a kan lokaci. Ba ni da ƙorafi.

Batun kashewa kuwa, ki bar ni tukuna. Ni ba mahaukaciya ba ce, na san na'ura ce. Amma duk kwalejin nan mutum ɗari nawa nake aika wa sanarwa, shi kaɗai ne yake amsawa. Da yana nan ma bai taɓa karanta ta ba, yakan ce wanda ya auri mai sanarwa ya huta da karatu. Yanzu ga shi ya fi kowa ladabi. Sauran kwanakin mako ina bin su ne kawai kamar mai bin layi, in Lahadi ta yi in goge kayan da zan sa, in kwanta da wuri.

An ba sabuwar malama ofishinsa. Ni na buga sanarwar zuwanta, ni kuma na je na kwashe kayansa. Taswirori ne cike da kwali, da duwatsun nan da yake tsintowa in sun fita da ɗalibai, da kofinsa da bai taɓa wankewa da kyau ba. Malamar ta tsaya a bakin ƙofa tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta kore shi. Na nuna mata yadda ake ɗaga ƙofar kafin makulli ya juya.

Ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kin tuna ƙarin girman da Malam ya nema tun shekarun baya, wanda yakan ce a bayan kunkuru aka ɗora fayil ɗinsa? Kunkuru ya iso. Ranar Alhamis aka kawo mini sunayen waɗanda kwamiti ya amince da su, da sa hannun Magatakarda, ga sunan Malam a ciki, ya zama babban malami. Fayil ya yi ta tafiya daga tebur zuwa tebur, ba wanda ya gaya masa mai shi ya tafi.

Mai Hatimi ta dafe ƙirji, ta ce in mayar da takardar sama a gyara. Amma dokar ofishinmu ita ce, abin da Magatakarda ya sa wa hannu ba a cire masa ko harafi. Na tuna mata dokar. Gaskiya kuwa ba dokar ce ta hana ni ba. Mutum ya daɗe yana jira a layi, ban ga dalilin da zan fitar da shi ba da aka zo kansa. Na buga sunansa a cike, a ƙasa na rubuta abin da nake rubutawa kowace shekara, cewa hukumar kwaleji tana taya su murna.

Ranar Litinin na aika. Ya amsa, ya ce zai dawo nan da mako biyu.

Ki gaida yara.

Taki,
Auta


Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, ofis ne ya ɗan rikice.

Na daɗe da sanin ba a karanta Sanarwar Mako sai in akwai ƙarin girma a ciki, amma ban san abin ya kai haka ba. Ashe akwai waɗanda ba su taɓa jin rasuwar Malam ba. Wani abokin aikinsa da ke ƙaro karatu a waje ya ga sunan, ya rubuta masa barka, ya sami amsa. Sai ya bugo wa shugaban sashe waya da murnarsa, wai in Malam ya dawo daga hutu a matsa masa ya yi wa mutane walima. Wani dattijo kuma a sashen lissafi, wanda da shi aka kai Malam makwanci, ya tashi taya wani murna sai ya aika wa kowa da kowa. Amsar Malam ta shigo masa yana tsakar shan shayi. Sai da aka kai shi asibitin kwaleji aka auna jininsa.

Magatakarda ya kira ni. Na hau bene ina jiran faɗa, da ma faɗan ya yi. Ya tashi ya ba ni kujera da kansa, ya ce laifin ofishinsa ne, ya ce bai san yadda zai dubi idona ba. Ya ce da ya ji cewa duk Litinin saƙon nan yana shigo mini, kasa cin abinci ya yi. Saboda haka ya ba da umarni a rufe imel ɗin duk ma'aikacin da ya bar aiki ko ya rasu, a ƙarshen watan nan, don kada a ƙara fama mini ciwo. Yana magana ina kallon kalandar da ke bayansa, ba a juya ta ba tun watan jiya.

Na ce na gode. Me kike so in ce? In gaya wa mutum mai furfura, a ofishinsa, cewa ya bar mini na'urata? Ya miƙo mini umarnin a rubuce, na sauko na buga shi a sanarwa, a ƙarƙashin batun gyaran famfo.

Injiniyan da ke kula da kwamfutocinmu ne kaɗai ya gane. Mutum ne marar magana, in ya zo gyara ko gaisuwa a taƙaice yake yi. Ya shigo da rana lokacin da Mai Hatimi ta fita, ya tsaya yana duba wata waya a bayan teburina da ba abin da ya same ta. Can ya ce umarni ya fi ƙarfinsa, amma ya buga mini saƙon a takarda, ya kuma ajiye mini shi a inda ba zai ɓata ba. Ya ajiye ambulan ya fita.

Allah ya saka masa. Takardar tana jakata, ban buɗe ba. Kalmomin ai na haddace su, Yaya. Ba su nake nema ba. So nake in aika a amsa, takarda kuwa ba ta amsawa.

Kada ki ce da na ji maganar Mai Hatimi da ba a kai nan ba. Na sani. Na auna abin ta kowane gefe, ban ji nadama ba, ban ji komai ba. Saura Litinin ɗaya kafin wata ya ƙare.

A gaida Inna. Ba sai kin zo ba.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Litinin ɗin da ta wuce na zo ofis kafin masu shara. Sanarwar a shirye take tun Juma'a, amma na yi ta duba ta, ina gyara abin da ba ya bukatar gyara, har aka bugo daga ofishin Shugaba ana tambaya ko lafiya ba a ga sanarwa ba. Sannan na aika. Ya amsa kamar kullum. Na bar saƙon a buɗe har aka tashi, Mai Hatimi ta yi kamar ba ta gani ba.

Yau kuma Litinin ce, wata ya kama. Cire adireshi daga cikin na ma'aikata aikina ne, kuma ban cire na Malam ba. Na ce wa kaina wataƙila Injiniya ya manta, ai a kwalejin nan ba a taɓa yin abu a ranar da aka ce za a yi ba. Fanka ta ofishinmu shekara guda ke nan ana cewa gobe za a zo gyara ta. Na sa kayan da na goge, na zo, na aika.

Saƙo ya shigo nan take, har na miƙa hannu. Ba sunansa ba ne. Na'urar kwaleji ce take sanar da ni cewa ba a sami mai wannan adireshi ba, in duba ko na yi kuskure.

Na duba. Ban yi kuskure ba.

Na cire adireshin. Na amsa wayar wani malami da ke ƙorafin an rubuta taronsu ƙarfe goma alhali sha ɗaya ne, na ba shi haƙuri. An dawo da makullin ɗakin taro, a aljihun mai ƙorafin ɓatansa aka same shi, na rubuta don sanarwar mako mai zuwa. Da aka tashi na biyo ta gaban sashen su Malam kamar yadda na saba, na tsaya a gindin matakala inda nakan jira shi ya sauko mu tafi gida. Ban san na tsaya ba sai da sabuwar malamar ta sauko ta gaishe ni. Ta riga ta iya ɗaga ƙofar, na ji ƙarar makullin tun daga ƙasa.

Yanzu ina gida, rana ba ta faɗi ba tukuna. Kwalin taswirorin yana nan a falo inda na sauke shi. Hankicin Mai Hatimi yana hannuna, ban san lokacin da na ɗauko shi ba. Ƙafar nan da na ce miki ta mutu, jini ya fara saukowa.

Yaya, Malam ya rasu. Na san kin sani, ke kika riƙe ni a barandar asibiti. Ni yau labarin ya iso gare ni.

Ki bar Inna wajen maigidanki. Ki zo.

Auta