Jiƙaƙƙiyar Ƙasar da Kika Kwashe

Lameroo, Disamba 1914

Zuwa ga Hulda, sanyin idona, inuwata a ƙasar da aka sare itatuwanta,

Na so in kira ki ruwan sama, sai na tuna tun da aka turo ni koyarwa a nan ban ga ko yayyafi ba, kuma ba na son in faɗa miki abin da ban tabbatar ba. To, ke ce sanyin asuba kafin rana ta sauke fushinta a kanmu. Wannan kam na gani, na shaida.

Kin tuna safiyata ta farko a gidanku? Na wanke fuska, na watsar da ruwan kwanon a tsakar gida yadda muke yi a birni. Ban san daga tashar jirgin ƙasa mahaifinki ke ɗebo shi da keken doki ba. Ban san ruwan wanka shi ne na wanki ba, na wanki kuma na ɗan ɓaurenku. Ya dube ni ya ce, "Malam, a makarantar taku ba a karanta ƙishirwa ne?" Ke ba ki yi dariya ba. Shebur kika ɗauka, kika kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar, kika kai ta gindin ɓauren. Wayyo Hulda! Wace mace ce ke kwashe kunyar baƙo da shebur?

Tun ranar nake kallonki. Da maƙwabciyarku matar Kloeden ta haihu, mijinta ya tafi neman aiki, ke kika taka yashi mai ƙuna kika kai mata burodi da rabin ruwan shanku. Da dokinsu ya faɗi, ke kika sa aka ara musu naku, shi ma haƙarƙari duk a waje. Kamar itatuwan jejin nan kike: a sare, a ƙone, su sake tohowa daga saiwa.

Ga abin da ke hana ni sukuni. An ba ni gurbin koyarwa a birnin Adelaide, mahaifinki kuma ya ce da ma ɗan birni ba ya kai ƙarshen bazara a nan. Na riga na amsa wa mutanen Adelaide cewa ba na so, tun ban ji ta bakinki ba. Ki yarje mini in yi wa mahaifinki maganar aurenki ran Lahadi bayan coci. Ban iya huɗa ba, ba zan ɓoye masa ba. Idan kika ce a'a, haka zan ci gaba da karɓar kwanon miya daga hannunki kullum, ban kuwa san inda zan sa idona ba. Ki tausaya.

Naki, a fari da damina, har a rufe ni cikin wannan yashi,
Ambrose