Dutsen da Ya Ci Mana Rijiya

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya zaman Kaduna, ya ƙoƙari da yara? Mu nan Gummi lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Rijiyar da munka fara ginawa a bayan gida, Kawu Bawa ya sa an cike ta. Ƙasa har ta fara danshi, sai mai ginin ya fasa wani dutse, anka ga katantanwa a cikinsa, ita ma ta zama dutse. Kawu na gani ya ce asiri ne anka binne mana, har ya kama sunan Jauro, maƙwabcin da ke aiko wa Inna nono tun muna yara.

Na kai dutsen wurin malaminmu na kimiyya. Ya ce halittar ruwa ce, ta mutu tun zamanin da teku ya rufe ƙasar nan. Na faɗa wa Kawu, ya ce boko ya lalata ni. Yaya, wane mai asiri ne zai buɗe dutse, ya sa abu, ya rufe ba tsaga?

Yanzu Jauro ya daina gaishe mu. Ni da Inna mun koma ɗaukar tulu zuwa gulbi, ga ciwon gwiwarta.

Maganarka kaɗai Kawu ke ji, don Allah ka yi masa magana. Ka gaida kowa, ka sa mu a addu'a. Dutsen na ajiye maka, in ka zo ka ga abin da ya kori dattawan gidanmu daga ruwa.

Ƙanwarka,
Rabi