Ranar da Bahago Ya Ci Tuwo a Mu'aither

Mu'aither, Doha, Ƙatar

Zuwa ga Kawuna, Malam Ɗalhatu, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Haulatu da duk mutanen gida. Na ji an yi maka aikin ido kuma an dace, har kana karatu da tabarau. Alhamdu lillahi, Allah ya ƙara sauƙi, ya ja da ranka. Ni ma lafiya lau nake, zafin garin ya fara sauka, kamfanin da nake tuƙi a ciki ya sabunta mini takardun zama. Abokina Mumin zai taho gida hutu, shi zai kawo maka wannan takarda, shi ya sa na rubuta da hannuna da manyan baƙi, domin labarin da nake ɗauke da shi ba na waya ba ne, na zama ne a karanta a tsanake.

Kawu, na ga Bahago. Wancan Bahagon naku, ɗan wasan Amurka da ka yi shekaru kana haska finafinansa lokacin da kake ɗakin majigi a tsohuwar silima, wanda ka ce in ya hawo doki sai 'yan kallo su miƙe suna fito. Ashe sunansa na yanka Vernon Tolliver. An gayyato shi wani taron 'yan fim nan Doha don a karrama shi, kamfaninmu aka ba jigilar baƙi, ni kuma aka haɗa ni da shi. Da na gan shi a filin jirgi ban gane shi ba: tsoho ne dogo, ya ɗan ranƙwafa, yana dogara sanda. Sai da ya buɗe baki ya gaishe ni, na ji wannan murya mai kauri da muke ji a kaset ɗin da ka ajiye a ɗakinka, sai tsigar jikina ta tashi.

Mutum ne mai son hira. A 'yan kwanakin da na yi ina yawo da shi ya ba ni tarihinsa. Ya ce wanke-wanke yake yi a wani gidan abinci kafin a fara saka shi a fim, kuma a finafinansa na farko ba ya daɗewa ake harbe shi, har mahaifiyarsa ta ce ta gaji da zuwa kallon gawar ɗanta. Daga nan ya zama mahayin doki, daga baya ɗan sandan ciki. Da furfura ta fito sai aka daina nemansa, ya yi shekaru a zaune yana gyaran kujeru a bayan gida, matarsa ce ke ƙarfafa masa gwiwa. Can aka sake tunawa da shi, ya dawo yana fitowa a uba, a alƙali, a kaka, kuma a nan ne ya samu manyan lambobin yabonsa. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan yana wannan sana'a. Matar ta rasu bara, in ya ambace ta sai ya juya yana kallon taga.

Ranar Juma'a za a yi bikin, da la'asar. Na dawo daga masallaci na ɗauko shi daga otal, ya sha baƙar kwat, mai kula da harkokinsa ta riga mu tafiya. Muna gab da isa sai ya ce in wuce, ba zai shiga ba. Na ɗauka wasa yake. Ya ɗaga hannunsa na hagu ya nuna mini yadda yake karkarwa, ya ce za a haska saurayin da yake a da a babban allo, sannan a fito da shi kansa yana rawar hannu, ko lambar ba zai iya riƙewa ba. Ya ce saurayin za a tafa wa, shi kuwa tausayinsa za a ji, kuma babu matarsa a kujerar gaba. Ya roƙe ni in kai shi ko'ina, in dai ba can ba.

Kawu, direban da ya ɓatar da babban baƙo a ranar bikinsa ba ya kwana da aikinsa, kuma ka san a nan aikinka shi ne zamanka, kafil, wato wanda ya tsaya maka a takardun zama, na janye hannu sai filin jirgi. Wayata ta fara ƙara, shugaban direbobi na cewa yalla, yalla, wato maza-maza, ina nake. Na ce masa baƙo ya nemi ya ɗan sha iska, wanda gaskiya ne. Tilasta wa sa'an kakana kuma ba zan iya ba. Sai na tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce tun safe shayi kawai ya sha. Na juya kan mota zuwa Mu'aither, inda 'yan'uwanmu ke haɗuwa kowace Juma'a a ɗakin Malam Rufa'i, wani dattijo ɗan Jos da ke gadi a Mesaimeer, ana tuƙa tuwo.

Mun yi sallama, mutane sun cika tabarma. Ban gabatar da shi ba ma. Malam Rufa'i ya ɗago kai, ya kalli yadda yake jefa ƙafa, ya ajiye ludayin miya ya miƙe yana salati, yana cewa wallahi Bahago ne. Ɗaki ya kaure. Baƙon nawa ya tsorata, ya tambaye ni me suke faɗa. Na bayyana masa cewa a ƙasarmu ba a san shi da Vernon ba, sunan da 'yan kallo suka raɗa masa ke nan saboda da hagu yake zare bindiga. Ya yi ta maimaita sunan yana gyara lafazi, yana dariya. Malam Rufa'i, da girmansa, ya ɗauki murfin tukunya ya ɗora a ka a matsayin malafa, ya kwaikwayi tsayuwarsa a bakin rijiya, har tarin da yake yi kafin ya yi magana. Bahago ya yi dariya har yana share hawaye da hannun kwat.

Da aka ajiye tuwon shinkafa da miyar kuka sai ya ɓoye hannun hagun a cinya, yana jin kunya. Muka ce masa ai a nan da dama ake ci. Sai ya fashe da dariya, ya ce to bari ya faɗa mana abin da bai cika faɗa ba: shi ba bahago ba ne ko kaɗan. A fim ɗinsa na farko na doki ya faɗo ya karya hannun dama, dole ya riƙe bindiga da hagu, mutane suka so abin, masu shirya fim suka hana shi canzawa. Ya kai loma da damansa tsaf kamar haifaffen Gusau, ya nemi ƙari.

Abin da ya juya zuciyarsa maganar Malam Rufa'i ce. Ya ce masa shi ba fim ɗin doki ya fi so ba, ya fi son wanda ya fito a tsoho mai jinyar matarsa. Ya ce ya kalle shi a nan Doha lokacin da tasa matar ke kwance a Jos, yana gama kallo ya nemi hutu ya tafi, ya samu ya yi mata jinya kafin Allah ya karɓe ta. Bahago ya kama hannun Malam Rufa'i da wannan hannu mai karkarwa, bai ɓoye shi ba. Can ya miƙe ya ce khalas, wato shi ke nan, a tafi wajen bikin, amma da sharaɗin Malam Rufa'i zai zauna a kujerar gaba.

Mun makara, masu taro sun fara raba ido. Ya hau dandamali da ɗigon miya a farar rigarsa. Da aka miƙa masa lambar hannun ya yi rawa, ya haɗa da ɗayan ya riƙe, ya ce wa jama'a yau ya gano yana da wani suna da ya girme wa rabinsu, kuma wasu mutane daga Nijeriya ne suka ajiye masa shi. Zauren ya miƙe tsaye. Malam Rufa'i cikin jallabiyarsa ya manta inda yake, ya sa yatsu a baki ya yi fito irin na silima. Washegari shugaban direbobi ya kira ni ofis, na shiga ina addu'a, sai na tarar Bahago ya riga ya kira shi, ya ce duk ranar da ya dawo ƙasar nan ni zan tuƙa shi.

A hanyar filin jirgi na ba shi labarinka, yadda in fim ya tsinke kake liƙa shi cikin duhu ana ta yi maka ihu daga ƙasa. Ya ce ashe tare kuka yi aiki shekaru ba ku taɓa gaisawa ba, kuma wannan rashin ladabi ne daga wajensa. Yana son ya yi magana da kai ta waya mai hoto ranar Lahadin farko bayan isowar Mumin, bayan la'asar ɗinku, ni zan yi muku tafinta. Don Allah ka amince. Ajaratu ta cika wayarta da caji, kai kuma ka shirya tambayoyinka, domin ya ce in akwai fim ɗin da bai yi maka daɗi ba, yana so ya ji daga bakinka.

A gaida Inna Haulatu da kyau, da Yaya Haladu da iyalinsa, da Ajaratu, da Zulkiflu. A ce wa Rahma saƙonta na hannun Mumin. Malam Rufa'i na gaishe ka, ya ce ranar Lahadin zai nemi a canza masa lokacin aiki, ba za a yi wannan gaisuwa babu shi ba. Allah ya bar mu tare, ya sada mu da alheri.

Naka ɗa mai biyayya,
Garzali