Ƙyauren Gawo

Sabon Birni, Disamba 1984

Zuwa ga Saude,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Gwaggo Fatu da mutanen gidan duka. Yaya ruwan zafi? Ina fatan baƙon da ke hannun Gwaggo yana shan nono yana barci. Mu nan lafiya lau, sai abin da ya ishi kowa, wato rana da rumbu wayam.

Albishirinki. Gyaran ɗakin nan da muka zauna muka zana a ƙasa da tsinke kafin ki tafi haihuwa, na kama shi gadan-gadan. Na tsige tsohon asabarin ƙofa da akuyar maƙwabta ta cinye rabinsa, wanda kike cewa ko kaza ba ta ganin girmansa. Ƙyauren katako za ni sa miki, da sakata ta ciki. Na fasa bango wajen gabas na fid da taga. Saura kantar jeren kwanoninki, sai gado.

Katakon kasuwa ya fi ƙarfin talaka bana, masu kawo shi daga kudu ma sun ɗauke ƙafa. Amma mijinki ba ya rasa dabara. Na samu itace mai kauri, mutum biyu ba su rungume shi, ni da Ɗan'auta mai zarto muna ta tsagawa. Tafin hannuna duk ya yi bororo, ban damu ba. So nike ranar da kika dawo ki tsaya bakin ƙofa ki ce halan ɓatan kai kika yi.

Ki faɗa mini tsayin kantar, daidai ƙirjinki ko kafaɗa. Ki ba Ɗanmusa direba amsa ranar kasuwa. Ki gaida Gwaggo da kyau.

Naki,
Wada

*

Isa, Disamba 1984

Zuwa ga Maigida,

Gaisuwa da ladabi. Takardarka ta iso, na karanta, Gwaggo ta sa na sake karanta mata wajen da ka yabi kanka, ta yi dariya har da tari.

Ka tambayi ruwan zafi. Ruwa dai sunansa ruwa. Abin da ake kwalfowa a rijiyar unguwar nan kalar kunu gare shi, in an tafasa shi kuma warinsa ya tashi kamar an jiƙa tsohon takalmi. Da shi nike wanka safe da yamma, in fito in ji na fi da ƙazanta. Kunun kanwar ma da jar dawar agaji ake dama mini, ƙwari na yawo a kai, in toshe hanci in haɗiye. Bayan gari ta hanyar Kamarawa mushen shanu ne jere, ungulaye sun ƙoshi har ba su iya tashi. In iska ta juyo, sai kowa ya ajiye abin da yake ci. Na gaji da wari, Maigida. Abin da ke riƙe da ni kawai tunanin ɗakina, mai tsabta, mai taga.

Kanta daidai kafaɗa. Ƙofa kuma ka ɗaga ta, na gaji da buga goshi. Kada ka kuskura ka shafa mata koren fentin nan irin na shagon mai shayi.

Sai saƙo mai muhimmanci. Yanzu gawon gonar Baba ya kusa fara zub da 'ya'ya. Ka san tun ban san kaina ba Baffa Yero ke sauke shanunsa ƙarƙashinsa duk rani, su ci 'ya'yan da ganye, su bar mana taki. Da Inna ta rasu ta bar ni cikin tsumma, nonon garkensa aka ba ni na rayu, kuma har Baba ya koma ga Allah bai taɓa barin wani ya taɓa reshen itacen nan ba. Bana da babu ko tsinken ciyawa, shi ne duk abin da Baffa ya dogara da shi. In ya iso daga Burkusuma ka tarbe shi da mutunci. Ka tambayar mini jar saniyata da Baba ya ba shi kiwo da sunana. In tana da nono a aiko mini da ɗan man shanu, nawa nonon ya ja baya, jinjirin nan na Gwaggo kuka yake yi.

Af, wane itace ne wannan da mutum biyu ba su rungumewa? Ban san da sauran irinsa a wajenmu ba.

Taka,
Saude

*

Sabon Birni, Janairu 1985

Zuwa ga Saude,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji saƙonki duka. Kanta ta hau bango daidai kafaɗa. Ƙofa na ɗaga ta, ko raƙumi ya shiga ba dukawa. Ba fenti.

Gado ma ya tsaya da ƙafafunsa. Igiyar kaba ba ta samuwa, sai Allah ya hore mini fata, na yanka ta siri-siri na saƙe shi da ita. Mutum uku muka hau, bai ko motsa ba.

Baffa Yero na gan shi, yana gaishe ki. Maganar man shanu ki yi haƙuri, bana ba shekararsa ba ce. Ɗanmusa na jira, sai wani jiƙon.

Naki,
Wada

*

Sabon Birni, Janairu 1985

Zuwa ga ƙanwata Saude,

Ni ce Binta, yayar mijinki. Malam Jibrilla na makarantar firamare ke rubuta mini, na kuma ce mishi ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara. Ina gaishe ki, ina gaida Gwaggo, ina yi miki barka da sauka lafiya. Allah ya raya.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Wada, amma wallahi abin da ya yi abin ƙyama ne, kuma gara ki ji daga bakina da ki ji a mota. Gawon gonar mahaifinki ne ya sare. Shi ne ƙyauren, shi ne kantar, shi ne ƙafafun gadon. Na hana shi, ya ce mata ba su san aiki ba.

Yero ya iso da ɗan abin da ya rage mishi, shanu kamar an jera ƙirare, matarsa Habi na kora su ta baya. Ina gonar ina tsintar ɓawo suka ɓullo. Tun daga nesa dabbobin suka ƙara sauri, sun san wurin. Suka iso suka tarar da kututture da garin zarto. Suka yi ta kewaya shi suna shinshina, daga nan suka kwanta a rana, daidai inda inuwa take da. Tsohon nan bai yi faɗa ba, bai yi zagi ba. Ya dubi Wada ya ce, “Da ka aiko min, da na bi 'yan'uwa da suka yi kudu tun da kaka. Don iccen ga na tsaya.” Ƙanena kuwa sai sosa ƙeya yake yana maganar tsadar katako.

Da yawansu ba su sake tashi ba. Wasu an samu an yanka, wasu sun riga wuƙa. Yero ya tafi gulbi tonon ruwa, kafin ya dawo Wada ya feɗe ɗaya daga cikin mushen ya jawo fatar gida. Babu ruwan jima, babu bagaruwa, ya kankare gashin kawai ya shanya ta, bai ko bari ta bushe ba ya saƙa gado da ita.

Saude, na shiga ɗakin na fito da gudu. Ɗanyen gawo da warinsa, fata da nata, ƙudaje kore shar sun rufe tagar da ake taƙama da ita. Na ɗaga gefen saƙar na ga tsutsa. Shi ko yana tsaye yana buɗe ƙyaure yana rufewa, wai in ji yadda sakata ke shiga. A nan yake nufin ki kwantar da jinjiri.

Na sauke nauyi. Ki huta lafiya.

Yayarki,
Binta

*

Isa, Janairu 1985

Maigida,

Gaisuwa, don an koya mini in fara da ita.

Yaya Binta ta rubuto. Kada ka je mata da faɗa, ita ce ta ba ni amsar tambayar da na yi maka ka tsallake.

Na rasa wanne ya fi ba ni ƙyama, tsutsar da ke cikin gadon ko takardarka mai cewa Baffa yana gaishe ni. Ka tsaya gaban tsohon da ya rayar da matarka, dabbobinsa na mutuwa a gindin abin da ka sare, ka dawo gida ka zauna kana rubuta mini raƙumi zai shiga ba dukawa.

Ƙofa muka zana a ƙasa, ni da kai. Na tuna har inda ka sa tsinke ka ce nan sakata. Ban tuna inda muka zana gonar Baba ba. Da ka tambaye ni tsayin kanta, me ya hana ka tambaye ni wannan? Ka san amsar, shi ya sa.

Na gudo wa warin Isa a zuciyata ina cewa ɗakina na jirana, ashe ka kwaso shi ka kai mini har kan shimfiɗa.

Tambaya ɗaya, kuma kada ka tsallake ta. Ina jar saniyata?

Saude

*

Sabon Birni, Fabrairu 1985

Zuwa ga Saude,

Bayan gaisuwa. Na ga takardarki, ta yi zafi, amma ki bar ni in faɗi nawa.

Shekara nawa kina yi mini gorin asabari? Duk wadda ta zo gaisuwa sai kin ce kada ta dubi ƙofa. Ran da za ki tafi kika ce in dai kin dawo kin tarar da shi, a mota za ki juya. Na san wasa kike, amma ni ya zauna mini. Gero bai yi ba, wake bai yi ba, ban da abin da za ni tarbe ki da shi ke da yaron. Na ce ko ɗaki ki samu.

Itacen kuma ba ni kaɗai ke kallonsa ba. Masu sassaƙa turmi sun fara zagaya shi, masu awaki sun fara sare rassa. Da ban sare ba wani zai sare, mu tashi ba itace ba ƙofa. Shanun Baffa ko da gawo goma ba lalle su kai damina ba, kowa ya gansu ya san haka. Fatar kuwa ungulu za ta ci, na ga asara ce.

Ban ce na kyauta da ban aika mishi ba. Wannan kam ya tsaya mini a rai.

Maganar jar saniya, ni ban san shanunsa ɗaya-ɗaya ba, kuma ya tashi daga gonar, ban san inda ya nufa ba.

Na fid da gadon rana, na turara ɗakin da ƙaro, warin ya ragu sosai. Ƙyauren ya ɗan karkace da ya fara bushewa, kuma wani ƙwaro na zubo da gari daga cikinsa, amma za ni shafa mishi baƙin mai. Ki sa rana in zo in ɗauke ku. Ki gaida Gwaggo.

Mijinki,
Wada

*

Isa, Fabrairu 1985

Maigida,

Gaisuwa. Ba sai ka nemi inda Baffa ya nufa ba, nan ya biyo. Shi da Habi, a ƙasa, da sanda da ƙwarya, ba ko maraƙi a bayansu. Kudu za su, wajen dangin Habi.

Ya ƙi shiga zaure. Tsohon da ya goya ni a kafaɗa ya tsuguna a ƙofar gida, ya ciro igiyar jar saniyata daga aljihu ya ajiye gabana. Ya ce a al'adarsu ta makiyaya in dabbar amana ta mutu, fatarta ake kawo wa mai ita, ya ga shaidarsa da idonsa, don kada zuciya ta yi zargi. Ya ce, “Ɗiyar Usmanu, ban samu hwatar ba, tana wajen maigidanki. Ki gahwarta min, ban riƙe miki amana ba.”

Bai ambaci gawo ba ko sau ɗaya. Ya karɓi yaron ya tofa mishi addu'a, Habi ta tambaya ko ɗakin ya yi kyau.

Ka ce ba ka san shanunsa ɗaya-ɗaya ba. Kai ka kankare gashin, ka ga kalarsa.

Gwaggo ta ce wanka ya ƙare, in sa rana. Ban sa ba. Ka ba Ɗanmusa tabarmata da ke bayan randa ya kawo mini. Gadon kuma ka ce mutum uku bai motsa ba, to zai ɗauke ka kai ɗaya.

Ka huta lafiya.

Saude