Wanda Zai Yage Ledar Keken

Utako, Abuja

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Umma da Yaya Amir da iyalinsa. Yaya kunnen naku? Ina fatan kuna ɗiga maganin yadda likita ya ce, ba sai Umma ta tuna muku ba. Tunda waya tana wahalar da ku, zan ci gaba da ba direban Zariya wasiƙa a tashar Utako.

Kun tambaye ni ko aikin shagon keke ya dace da wadda ta karanta injiniyanci. Baba, ya dace. Kekunan da Madam Rosemary, mai shagon, take sayarwa ba irin wanda kuka riƙa hawa zuwa makaranta ba ne. Na tsere ne, da yatsu biyu ake ɗaga su. Aikina shi ne in daidaita wa mutum keke da tsawon ƙafarsa da hannunsa.

Yanzu hankalin kowa yana kan sabon samfurin da kamfaninmu na Turai zai fitar. Sun yi alkawarin aiko mana guda ɗaya, wani daga ƙungiyar masu keken da ke taruwa a shagonmu ranar Asabar ya hau shi bana, jama'a su gani. Hoto ɗaya kawai suka saki, shi ma mai duhu. 'Yan ƙungiya sai faɗaɗa shi suke yi a waya suna gardama. Wani ya rantse ba shi da sarƙa, wani ya ce da kansa yake canza giya idan ya hango tudu. Ni abin da na tabbatar shi ne jikinsa zaren kabon ne, wani abu mai ƙwari da ya fi ƙarfe rashin nauyi, nauyinsa bai cika kilo bakwai ba, kuma kansa da wuyansa a haɗe aka ƙera su, ba a ƙara musu tsawo, ba a ragewa. Wannan na ƙarshen ne ya hana ni sukuni. Wanda aka yi odar lambar girmansa, shi kaɗai zai iya hawa.

Kowa ya ɗauka lambar Oga Dominic za a rubuta. Shi ya kafa ƙungiyar, ya yi ritaya daga ma'aikatar tarayya, dogo ne, lamba hamsin da takwas yake hawa. Bai roƙa ba, amma a nan sabon abu na babba ne. Sai dai akwai wata yarinya daga Karmo, sunanta Kindness, wadda babu macen da ke kamo ta a kan tudu, mazan ma sai 'yan kaɗan. Lambarta arba'in da tara ce, amma keken aro take hawa mai lamba hamsin da huɗu. Idan kun gan ta a kai kamar mai shanya a igiyar da ta fi ƙarfinta, kullum da ciwon wuya take sauka. Bayan damina akwai tseren da masu horarwa za su zo su zaɓi waɗanda za su tafi sansanin horo, kuma bana ce shekararta ta ƙarshe a rukunin matasa.

Ina ganin idan na nuna musu alƙaluma za su gane. Ku sa ni a addu'a. A gaishe da kowa da kowa.

'Yarku,
Nazeefa

*

Utako, Abuja

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, Umma kuma ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai na yi ɓarna.

Ranar Asabar, bayan an dawo daga hawa ana shan shayi a ƙofar shago, aka tayar da maganar keken. Na miƙe a gaban kowa na faɗi saurin Kindness a hawan tudu, na faɗi na Oga Dominic, na faɗi bambancin, har da nauyin kowannensu da kekensa, giram-giram. Duk abin da na faɗa daidai ne, don sau biyu na duba. Amma Oga Dominic ya yi dariya, ya ce ashe Madam ta ɗauko musu alƙali ne ba ma'aikaciya ba, ya raɗa mini suna Injiniya Giram, ya ce nan gaba sai na auna sukarin shayinsa kafin ya sha. Aka yi ta dariya, shi kuma ya ajiye kofinsa bai shanye ba ya tafi.

Madam ta kira ni ciki. Ta ce mutumin nan shi ya kawo mata rabin masu sayayyarta, shi ya saya wa ita Kindness ɗin hular kwano da takalmi, ni kuma na tsayar da shi gaban yaransa na auna shi kamar buhun masara. Ta ce yanzu ko da ta so rubuta arba'in da tara ba za ta iya ba, don kowa zai ce an ƙwace masa ne. Kamfani kuma ƙarshen watan nan zai rufe karɓar oda.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Kindness. Ta same ni ina goge sarƙa, ta ce in daina damuwa, Anti Injiniya, wuyanta ya riga ya saba. Tana faɗa tana dariya, amma na ga yadda take juyawa da duk jikinta idan an kira ta, don wuyan ba ya juyuwa.

Baba, ni na ɓata mata. Ban san ta inda zan gyara ba. Ku gaishe mini da Umma, kada ku karanta mata wannan.

'Yarku,
Nazeefa

*

Utako, Abuja

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa da fatan alheri gare ku da duk mutanen gida. Wasiƙarku ta iso, tare da kilishin da Umma ta saka, wanda ya nuna mini kun karanta mata. Na yafe.

Ban taɓa jin labarin babur ɗinku ba. Ni dai na taso ina jin ana cewa babur ɗin Malam, na ɗauka na kakanmu ne da gaske. Ashe ku kuka saya, kuka tura shi da ƙafa har zaurensa da ledarsa, shi ya yage, ya zauna a kai alhali bai iya tuƙi ba, ya sa albarka, sannan ya miƙo muku makulli ya ce ya ba ku aro. Kuka ce da kun shigo gida a kansa kuna hon, da har ya rasu bai kalle shi ba.

Na daɗe ina juya wannan labari. Sai na roƙi Madam ta raka ni gidan Oga Dominic a Jikwoyi. Na san abin da zan yi zai iya ƙarasa kashe maganar. Na bar wayata a mota don kada in ciro wani lissafi.

Mun same shi yana ba kajinsa dusa. Na durƙusa na ba shi haƙuri. Na ce keken na ƙungiya ne, ƙungiya kuma tasa ce, don haka muna roƙon shi zai buɗe kwalin ranar da ya iso, shi zai yage leda, shi zai sa albarka. Lamba kuma duk wadda ya faɗa ita za a rubuta, ba zan ƙara cewa uffan ba. Na faɗi wannan da gaske, Baba.

Ya tambayi garinmu, ya ce ya yi aiki a Zariya yana saurayi, ya sa aka kawo mana kunun gyaɗa, ya tambaye ni ko zan auna kafin in sha. Ya ba mu labarin yadda suka fara hawa su uku a titin filin jirgi, direbobi suna leƙowa suna tambaya ko motarsu ce ta lalace. Har Madam ta ɗauki jakarta, ni kuma na riga na fid da rai. A bakin ƙofa ne ya tsaya, ya ce shi yana da keke biyu amma gadon baya ɗaya, shi ma ya fara yi masa gardama. Sannan ya dube ni ya ce 'yata, ita yarinyar nan mai gudu kamar an biyo ta, lamba nawa take hawa?

An tura oda, Baba. Arba'in da tara. Na yi ta karanta saƙon kamfani har Madam ta ƙwace wayar. Yanzu sai jira. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarku mai godiya,
Nazeefa

*

Utako, Abuja

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da babbar murya, ku da Umma da Yaya Amir. Yaya jiki, yaya ƙarshen damina? Ku gyara zama, wannan wasiƙar ta murna ce.

Keken ya iso. Kwalin ya kwana biyu a shago ba wanda ya taɓa shi, ni kuwa sai zagaya shi nake yi ina duba ko ya lotsa. Ranar Asabar Oga Dominic ya zo cikin babbar riga, ba kayan keke ba. Ya yanka kwalin, ya yage ledar a hankali ana ɗaukar hoto. Shuɗi ne mai duhu, ba wayar birki ko ɗaya a waje, kuma yana da sarƙa, don haka mai rantsuwar nan ya sha tsiya. Oga ya ɗora hannu a kan sirdin ya yi addu'a irin tasu, ya ce Alhaji Hassan, mataimakinsa, ya yi irin tamu. Sannan ya kira Kindness ya ce ga kekensa nan ya ba ta aro, idan ta kai shi ƙasa ita da shi ne.

Da na gama haɗawa ta hau, ta zagaya layin, ta dawo ta tsaya. Ta juya wuyanta hagu da dama, ta ce Anti Injiniya, ashe haka kowa yake ji? Sai na shiga ciki na yi kamar ina neman sifana.

Abu ɗaya ya dame ni. Oga ya bar wani yanki na leda a naɗe a ƙarƙashin sirdi, wai don duk Abuja ta san sabo ne fil. Mutanen da suka ƙera keken nan sun sha wahala kafin su rage kowane giram, ga mu mun ƙara masa leda tana kaɗawa a iska. Na ce wa Kindness mu cire ranar tsere, ba wanda zai lura. Ta ce hannun da ya bar ta shi zai cire ta. Na tuna zauren Malam, na ƙyale ledar.

Ranar tsere na duba iskar taya har Kindness ta kore ni. Sun tashi su da yawa, amma a zagaye na ƙarshe saura su biyu, ita da wata doguwa daga wata ƙungiya wadda ta fi ta ƙarfi a shimfiɗaɗɗen titi. Na san idan suka doshi layin ƙarshe tare an cinye mu. A kan tudun ƙarshe Kindness ta miƙe tsaye a kan feda, abin da ba ta taɓa iya yi da kyau a tsohon keken ba, ta tafi. Doguwar ta biyo ta a gangare tana cin tazarar, tana ci, amma layi ya riga ta. Da tsawon keke ɗaya muka yi nasara.

Oga Dominic kuwa, da babbar rigarsa, yana gudu a gefen titi yana gaya wa duk wanda ya gani, har da ɗan sandan da ke tare hanya, cewa kekensa ne. Masu horarwa sun rubuta sunanta. Wata mai zuwa za ta tafi sansani, kuma Oga ya ce aron bai ƙare ba.

Da jama'a suka ragu, ya sunkuya ya kwance ledar da hannunsa, ya miƙo mini, ya ce in kai wa wanda ya koya mini zuwa gidan manya, don ya san ba a jami'a na koyo ba. Ga ta nan a cikin ambulan, kada Umma ta ɗauka shara ce ta zubar.

Allah ya bar mana ku. A gaishe da kowa.

'Yarku,
Nazeefa

Na auna ta kafin in rufe ambulan. Giram huɗu ce.