Sikelin Kakarki a Cikin Ƙwayar Silikon

Delft, Talata

Mirte, hasken safiyata, ranar da ke ɓullowa bayan sati guda ana ruwa, ƙamshin burodi mai zafi a bakin ƙofa!

Ta yi aiki! Bari in sake rubutawa, don hannuna bai ƙoshi ba: ta yi aiki, Mirte! Da hantsin yau na jona wa ƙwayar silikon ɗin nan wuta, 'yar na'urar lantarkin da na zana, ɗalibaina goma sha ɗaya sun yi cirko-cirko a bayana, kowa ya riƙe numfashi. Layin da ke kan allo ya miƙe sambal, ya kwanta kamar ruwan magudanar unguwarku ranar da babu iska. Tsoho Sjoerd, mai kula da ɗakin gwajinmu, wanda ya shekara talatin bai yabi kowa ba, ya cire tabarau ya ce, "To, Malam Evert, yau dai makaho ya tsinci allura. Sai ka sayo mana kek ɗin tuffa, ban da na kanti."

Ban da na kanti! A garin nan wa ya iya kek ɗin tuffa in ba ke ba? Kuma saura kwana goma sha biyu ki hau jirgin ruwa zuwa tsibirin Vlieland, ki karɓi gidan burodin gwaggonki, ki bar ni da teku a tsakaninmu.

Kin tuna ranar da na fara shiga bayan shagonki? Amfilifayata ta biyu, ƙwayar ƙara wa sigina ƙarfi, ta mutu a satin, na zo miki jiƙe sharkaf da ƙorafi. Na ce muna son mu ji bugun zuciyar jariri tun yana ciki, sigina siririya kamar numfashin sauro, amma na'urar da za ta ƙara mata ƙarfi tana da tata karkata da tata hayaniya, har ƙaryarta ta danne gaskiyar. Ke kuwa ko ɗago kai ba ki yi ba. Kina auna yisti a tsohon sikelin kakarki mai faranti biyu. Kika auna a dama, kika sauya kika auna a hagu, kika ɗauki tsakiya. Kika ce, "Wannan ma karkatacce ne tun kafin a haife ni, farfesan banza. Ba a jefar da shi, juya masa kaya ake yi."

Na san dabarar, mana. Shekara tara ina koyar da ita: a riƙa musanya wayoyin shiga biyu, dama ta koma hagu, hagu ta koma dama, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya, sai karkatar na'urar ta ware gefe guda a tace ta, saƙon gaskiya ya wuce shi kaɗai. Amma a allo na san ta. A hannunki mai fulawa na fara ganinta da rai. Na daina neman na'urar da ba ta da aibi, na koma gyara yadda ake juyawar, har girgizar da musanyar ke bari a baya ta lafa. Yau karkatar ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na bolt ɗin lantarki ba! Yanzu duk ajin da na shiga, da sikelin kakarki nake farawa, kuma ina ganin idanun yaran nan suna kamawa kamar fitilu.

Kin san al'adarmu. Duk wanda ya zana ƙwaya yakan sami ɗan fili a kusurwa, inda babu waya, ya saka abin da ransa ke so kafin a tura masana'anta. Wani kyanwarsa, wani kekensa. Wata bakwai da suka wuce na zana sikeli mai faranti biyu a kusurwar tawa, a ƙarƙashinsa na rubuta kalmomi huɗu da zaren ƙarfe wanda bai kai kaurin gashin girarki ba. Na yi wa kaina alkawarin wauta: in ƙwayar ta mutu, za ta tafi kwandon shara da sirrinta; sai in ta yi aiki zan faɗa miki. Shi ya sa ranar da kika tsaya a kan gada, iska tana wasa da gyalenki, kika ce, "Evert, in kana da magana ka yi ta kafin in sayi tikiti," na tsaya ina kallon agwagi. Wayyo ni! Mutumin da ke cika ɗakin lacca da murya, ya kasa kalmomi huɗu!

Ni ma karkataccen sikeli ne, ya ke sanyin idona. Na karkata wajen aiki, na karkata wajen tsoro. Amma ki auna ni yadda kika saba. Ki ɗora ni a Delft, ki sauya ki ɗora ni a tsibiri. Ki auna ni ranar da na'ura ta mutu, ki auna ni yau. Me ya rage a tsakiya, wanda bai motsa ba, in ba ke ba?

Ba na roƙon ki fasa tafiya. Wa ke hana tsuntsuwar teku teku? Na shirya da shugabar sashenmu: Litinin zuwa Laraba ina nan tare da ɗalibaina, sauran kwanakin ina bayan tandarki ina wanke tire, in kin yarda da ni.

Ga ƙwayar nan a cikin ambulan, a ɗan akwati baƙi, ba ta kai ƙwayar riɗi biyu ba. Sjoerd ya ce ki zo Asabar ya saita miki madubin ƙara girma. Amma ba zan ƙara sa ki lalube ni a madubi ba. Abin da na ɓoye ƙarami saboda tsoro, ga shi yau da manyan baƙaƙe, yadda za ki karanta shi daga ƙofar shago:

MIRTE, KI AURE NI.

Naki a dama, naki a hagu, naki har ranar da wannan zuciyar za ta daina bugawa,

Evert