Ɗaurin Gidanmu a Tashar Jaman

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku mai shanu na zangon Sokode.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Haruna, daga Dapaong. Na tsufa, har na wuce shekarun da ka yi a duniya, amma kwana uku ke nan kaina ya ɗaure, kuma ban ga wanda zan tambaya ba sai kai.

Jikarka Rakiya ce ta jawo. Malamar lekol ce, makarantar boko, waya ba ta barin hannunta. Ta same ni a kasuwar shanu, wai in zo in ga jirgin ƙasa na zamanin Jaman. Na ce ta raba ni da shi, mu gidanmu ba ruwanmu da jirgi. Ina! Sai da ta tura mini a fuska.

Tsohon hoto ne, baƙi da fari. Kan jirgin ɗan ƙarami mai dogon bututu, da taragu uku, ɗaya a buɗe an jingina masa katako. Turawa biyu da fararen huluna. Ta ce an rubuta Atakpame a ƙasa. Ni duk ba su suka dame ni ba, Baba. Wani sa na gani ana shirin hawar da shi tarago.

Na ce ta buɗa mini wajen igiyar. Igiya ta zagaye ƙaho sau biyu, ta sauko ta bayan kunne, ta kama ƙafar gaba ta hagu, aka soke bakinta yadda ja ɗaya zai kwance. Ɗaurinmu ne, wallahi! Daga Mango har Lome kowa ƙafar dama yake kamawa, sai mu. Kai ka ce mini mahaifinka Garba bahago ne, shi ya ƙago shi, ƙanensa Baffa Sule ya koya maka, ni kuma ka koya mini da bulala.

Mutumin da ke riƙe da san, da hagu yake riƙe. Babbar riga ce a jikinsa mai aiki a wuya, ga rawani, ga takalmi. Ya tsaya ƙyam, tsayuwar mai dukiya. Fuskar ce kawai ba ta fito ba, inuwar rawani ta rufe ta.

To ni fa ba haka ka gaya mini ba.

Ka ce Jaman sun nemi mutane a Sokode don aikin layin dogo, aka tafi da Garba kana goye. Ka ce ƙarfe ya yi ta ɗauka a ka har ya faɗi, babu wanda ya san kabarinsa. Saboda haka ba ka taɓa taka jirgi ba. Ko da Faransa suka kai dogo Blita, abokan sana'a suna loda shanunsu, mu muna kora da ƙafa har bakin teku, shanu su rame, faso ya cinye mana duga-dugai. In na yi ƙorafi sai ka ce, "Ba na hawa kan ƙashin ubana." Ni ma haka na tsufa ban hau ba.

Ka san duk shekara bayan babbar Salla muna taruwa a Sokode mu yi masa sadakar waina, babban gida ya zaunar da yara ya ba su labarinsa. Ni ne babban yanzu. Juma'a mai zuwa ce ranar, kuma ban san abin da zan buɗe baki in ce ba.

Na yi ta lallashin kaina. Wataƙila wani ya koya wa ɗaurin kafin ya rasu. Wataƙila Bature ne ya ara masa riga don hoto. Amma wa ke ara wa lebura rawani da sa?

Jiya ina alwala sai Blita ta faɗo mini. Shekarar da na yi aure ne, muna wucewa da shanu ta gefen gar, tashar jirgi. Wani tsoho yana zaune a gindin mangwaro, ya ga bijiminmu, ya miƙe da ƙyar ya biyo mu da sanda. Ya shafa igiyar, ya tambaye ka wa ya koya maka. Ka daɗe kana kallonsa. Ka ce, "Wanda ya mutu." Ka daka mini tsawa in kora. Ranar ba mu yada zango ba sai da shanu suka ƙi tafiya, kai kuma ko ruwa ba ka sha ba. Ni a lokacin hankalina yana kan amarya, ban ma duba da wane hannu ya riƙe sandar ba.

Baba, ka gane shi? Ko kuwa tun can ka sani, ka ga gara uba ya mutu a hannun Jaman da a ce ya sami kasuwa a bakin dogo ya manta da jariri? In haka ne, ban ga laifinka ba. Tausayinka ne ya kama ni, har Rakiya ta gan ni ina share hawaye ta fita. Kai kaɗai ka ɗauki wannan kaya, kana kora shanu a rana, mu muna zaton taurin kai ne.

Za mu soya wainar, ba zan hana ba. In yara sun zauna zan ce musu Garba ya tafi wajen jirgi bai dawo ba, ɗansa ya jira shi har ya gaji. Iyakar abin da zan iya rantsewa a kai ke nan.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya gafarta wa Garba duk inda aka binne shi. In Ya haɗa ku a can, Baba, don Allah wannan karon ka tsaya ka amsa masa.

Ɗanka mai kewarka,
Haruna